Yarona ya kumbura a ICU, an kuma rage masa karin ruwa: amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum jama'ar zango. Sakonnin wannan karon kusan duk kan abu daya suka taru, karin ruwa da kumburin yara a asibiti, shi yasa na hada su waje daya. Na cire sunaye, na kuma gajarta wasu tambayoyin saboda tsawo.

Tambaya daga wata uwa a Aboabo: Dokta dan Allah ka taimake ni, yarona dan shekara biyu da rabi yana kwance a ICU, dakin masu matsanancin ciwo, tun satin da ya wuce, sun ce cuta ce ta shiga jininsa. Ranar farko leda bayan leda suka dinga sa masa, yanzu fuskarsa ta kumbura, ido da kyar yake buduwa, hannu da kafa duk sun cika, sai kuma naga sun rage ruwan sosai suna masa wata allura wai ta fitsari. Surukata tace ai sun cire rai da shi ne shi yasa suka daina. Gaskiya ne?

Amsa: Yar uwa Allah ya bashi lafiya, ya baki hakuri. Ki fada ma Hajiya ta kwantar da hankalinta, rage ruwan da kika gani ba alamar an fidda rai bane, ni a wajena ma alama ce ta cewa masu duba shi suna lura da kyau. Bari in miki bayani dalla-dalla don wannan abin yana rikita iyaye sosai.

Idan kwayar cuta ta shiga jinin yaro da karfi, kananan jijiyoyin jininsa sukan saki, su fara yoyo kamar tiyo da ya yi huji-huji, kina zuba ruwa ta baki daya yana zirarewa ta gefe. A awannin farko BP dinsa na iya faduwa, hannu da kafa su yi sanyi, jini baya kaiwa kwakwalwa da koda yadda ya kamata, toh a lokacin dole a sa ruwa don a rike shi, wannan shi ne ledojin da kika gani ranar farko. Amma ruwan da aka sa ta jijiya ba duka yake zama cikin jijiya ba, kaso kadan ne ke tsayawa, sauran sai ya fita ya kwanta a karkashin fata, cikin ciki, da cikin huhu. Ga shi kuma koda, wadda ita ce ya kamata ta fitar da rarar ta fitsari, ita ma ciwon ya taba ta, bata aiki da karfinta. Sai ruwa ya dinga shiga baya fita. Kuma fa ba ledar karin ruwa kadai ke kai ruwa jikinsa ba, kowace allurar kashe kwayar cuta da ruwa ake dama ta, kowane wanke kanula, wato yar robar da ake sawa a jijiya, ruwa ne, karin jini ruwa ne, madarar da ake bashi ta tiyon hanci ita ma ruwa ce, a rana wadannan kananan abubuwan kadai suna iya tara abin mamaki a jikin karamin yaro.

Kumburin fuska shi ke tada ma iyaye hankali saboda shi ido ke gani, mu kuma wanda bama gani da ido shi yafi damun mu. Ruwa idan ya kwanta a huhu iska bata ratsawa cikin jini sosai, sai yaro ya dinga haki, a kara masa oksijin, in yana kan injin numfashi ya dade ba a iya cire shi ba. Hanji idan ya kumbura baya karbar abinci. Ita kanta kodar idan ta kumbura sai ta kara kasa yin fitsari, kinga abin ya zama zagaye kenan. Zuciya kuma ana kara mata kaya tana cikin gajiya.

Akwai lissafin da muke yi kullum da safe, kuma ba wani abu mai wuya bane. A tara duk abin da ya shiga jikin yaro tun ranar da aka kwantar da shi, a cire duk abin da ya fita, abin da ya rage a lita a raba shi da nauyin da ya zo da shi a kilo, a ninka da 100. Misali yaro mai kilo 12, cikin kwana uku an sa masa mililita 4,200, wanda ya fita 2,700, saura 1,500 kenan, wato lita daya da rabi, ledar piya wata uku cif a jikin dan mitsitsin yaro. Idan aka buga lissafin ya bada kashi 12.5 cikin dari. Da zarar abin ya haura kashi 10 likitan ICU zai fara daure fuska, in ya doshi 20 kuwa magana ta girma. A 2018 wasu masana sun tattara bincike 44 da aka yi kan yara 7,507 masu matsanancin ciwo, aka buga a mujallar JAMA Pediatrics, suka samu cewa yaran da ruwa ya taru musu sun fi dadewa kan injin numfashi, sun fi samun matsalar koda, kuma duk karin kashi 1 na taruwar ruwa yana tafiya da karin hadarin mutuwa na wajen kashi 6 cikin dari a kan hadarin da ake da shi. Ba don in tsorata ki na kawo wannan ba, so nake ki gane dalilin da yasa suka juya akala daga zubawa zuwa cirewa.

Allurar da kika ce ta fitsari inaga furosemide ce, wadda aka fi sani da Lasix, aikinta ta tursasa koda ta saki ruwa da gishiri. Za ki ga suna yawan dibar jininsa a kwanakin nan, saboda allurar tana fitar da fotashiyam, wani sinadari da ke cikin jini, tare da ruwan kuma dole a dinga aunawa. Idan kin shiga duba shi gobe ki tambayi likita ko nas abu uku: nawa ne nauyinsa yau idan aka kwatanta da ranar da ya zo, fitsarinsa na karuwa ko raguwa, oksijin din da ake bashi ana ragewa ko ana karawa. Amsar wadannan zata nuna miki inda aka dosa fiye da kallon fuskarsa. Kumburin fata yakan dau kwanaki kafin ya sabe ko da sauki ya fara samuwa.

Tambaya daga wani magidanci a Asawase: Likita ni abin da ya bata min rai, na kai yata wani asibiti jikinta zafi rau, bata ci bata sha sosai, sun ce maleriya ce mai karfi, amma maimakon su sa mata ruwa da gudu ta samu karfi sai allura kawai suka mata da wani dan ruwa yana diga kamar ba a so. Ko don da katin inshorar lafiya na NHIS na je ne?

Amsa: Alhaji ba maganar kati bace, kuma in da nine a wajen abin da zan yi kenan. Mu a zango, kai duk Gana ma, mun dauki karin ruwa kamar shi ne alamar an kula da mara lafiya, in ba a rataya leda ba sai mutum ya ji kamar bai je asibiti ba, har manya ma ka ji mutum yace jikina ba kwari bari in je a sa min leda biyu. Ruwan gishiri ne fa kawai, wani da dan suga a ciki, ba maganin karfi bane.

Akwai wani babban bincike da ya girgiza likitocin yara a duniya, ana ce masa FEAST, Farfesa Kathryn Maitland ce ta jagorance shi, aka buga sakamakon a 2011. An yi shi ne a asibitoci shida a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, kan yara 3,141 da suka zo da zazzabi mai tsanani da alamun jini baya zagayawa da kyau, fiye da rabinsu maleriya ce da su. Aka raba su uku, wasu aka zuba musu ruwan gishiri da sauri a awar farko, wasu aka zuba musu albumin, wato ruwan furotin na jini, da sauri, wasu kuma aka basu magani da ruwa a hankali daidai bukatar jiki ba tare da wannan zubawar gaggawar ba. Kowa ya dauka wadanda aka zuba ma ruwa da gudu su zasu fi rayuwa, domin abin da littattafai suka koyar kenan shekara da shekaru. Cikin awa 48, wadanda suka rasu a rukunin albumin kashi 10.6 ne, rukunin ruwan gishiri kashi 10.5, rukunin da ba a zuba ma da gudu ba kashi 7.3. Sai da aka dakatar da binciken kafin lokacinsa. Abin da ya kara daure kai, yaran da aka zuba ma ruwan da farko sai su yi kamar sun farfado, hannu ya dumama, amma daga baya su ne suka fi tafiya. Shi yasa ka'idar kula da yara masu cutar cikin jini ta duniya da ta fito a 2020 tace a wajen da babu ICU, idan BP din yaro bai fadi ba kar a yi wannan zubawar, a bashi ruwa daidai bukata kawai.

Ita kuma allurar da aka mata, in artesunate ce toh ita ce maganin ainihi, ana yinta a take, a maimaita bayan awa 12, sannan a awa 24. Mu mutanen Kumasi ma muna da hannu a tarihinta, don asibitin Komfo Anokye, Gee dinmu, yana cikin wuraren da aka yi binciken AQUAMAT na 2010 wanda ya hada yara 5,425 daga kasashen Afirka tara, ya nuna mace-mace kashi 8.5 da artesunate, kashi 10.9 da kwinin. Abin da zan so ka bincika shi ne ko sun auna jininta da sugarta, don maleriya mai tsanani tana shanye jini tana kuma kada suga, kuma yaron da jininsa ya yi kasa sosai jini yake bukata, in ka dura masa ruwa ka kara tsinka dan jinin da ya rage masa ne.

Tambaya daga wata amarya a Sawaba: Dokta na ji ana cewa karin ruwa yana kashe yara, jaririna dan wata tara yana gudawa da amai tun jiya, in na je asibiti suka ce zasu sa masa in ki yarda ko?

Amsa: A'a kanwata, kar ki kuskura ki ki. Wannan ita ce illar jin rabin magana. Yaron da ke gudawa da amai ruwa ne ya fita daga jikinsa da gaske, mayar masa da shi ne magani, kuma binciken FEAST da na ambata a sama tun farko bai saka masu gudawa a ciki ba. Ki duba shi yanzu: idonsa ya zurma, madigarsa ta lotsa, in kin tsunkuli fatar cikinsa kin saki tana jimawa bata koma ba, ya yi lakwas baya iya kama nono, famfas dinsa a bushe tun safe? In kinga irin wadannan ki ajiye wayar nan ki kama hanyar asibiti, ba sai gari ya waye ba. A irin wannan halin Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara a bada mililita 100 kan kowane kilo, ga jariri kasa da shekara daya ana raba shi cikin awa shida, 30 a awar farko, 70 a sauran biyar din, ana yi ana duba shi.

In kuwa yana shan nono yana wasa, ki cigaba da bashi nono akai-akai, ki dama ORS da adadin ruwan da aka rubuta a jikin ledar, kar ki rage kar ki kara, ki dinga bashi da cokali kadan-kadan, in ya yi amai ki jira kamar minti goma ki cigaba. Ki hada masa da zinc na kwana 10 zuwa 14. Lemun kwalba da maltina ba ORS bane, sugarsu ma kara gudawar take.

Tambaya daga wani saurayi a Tafo Zango: Kakata ce ke jinyar kanina a wod, da dare taga ruwan baya tafiya da sauri sai ta murza dan abin nan ya kare kafin asuba don a sallame su da wuri. Nas ta yi fada sosai. Laifi ne babba haka?

Amsa: Babba ne kuwa, nas din tana da gaskiya, ka lallaba Kaka ka mata bayani cikin ladabi don nasan da kyakkyawar niyya ta yi. Yaro mai kilo 10 abin da jikinsa ke bukata a yini da kwana wajen mililita 1,000 ne, wato kamar 40 a awa daya, kenan leda daya ta 500 ya kamata ta dau kimanin awa 12 tana diga. Wannan dan tayan da ke jikin tiyon, nas tana tsayawa da agogo a hannu tana kirga digon da ke fadowa cikin yar kwalbar roban nan kafin ta barshi a inda ta barshi. In aka bude shi gaba daya ledar na iya karewa cikin abin da bai kai awa ba, alhali duk jinin da ke jikin wannan yaron bai wuce mililita 800 ba. Sannan wani lokacin akwai magani a cikin ledar, kamar fotashiyam ko kwinin, wadanda in suka shiga da gudu suna iya rikita bugun zuciya. In kunga ruwa ya tsaya, ko wajen kanular ya kumbura, ko jini na hawowa tiyo, nas za a kira. In kuma yaro na kan karin ruwa sai numfashinsa ya fara sauri, ya kama tari, fatar idonsa ta tasa, a kira ta da gaggawa ko karfe nawa ne. Karewar leda ba ita ke sa a sallami mutum ba.

Tambaya daga wata Hajiya a Sabon Zango: Likita jikata na kan oksijin, sun hana a bata komai ta baki, har famfas dinta suke dorawa a sikeli. Mun karbo mata rubutu da zamzam, in na bata kadan a boye akwai matsala?

Amsa: Hajiya Allah ya kara girma, Allah ya bata lafiya. Maganar famfas tukuna: ana auna shi busasshe, a sake aunawa bayan ta jika shi, duk giram daya da ya karu mililita daya ne na fitsari. Da haka ake sanin ko kodarta na aiki, muna son mu ga kamar mililita daya kan kowane kilo a kowace awa, in ya sauka kasa da rabin haka na tsawon awanni sai mu shiga damuwa. Don haka kar a yar da famfas kafin nas ta gani, in ta yi amai ko kashi ma a fada a rubuta.

Bayarwa a boye kuwa ina rokonki da girman Allah kar ki yi. Matsala biyu ce. Ta farko lissafin da na yi bayani a sama zai lalace, likita zai zo da safe ya yanke shawara kan takardar da bata fadi gaskiya ba. Ta biyu ita tafi hadari, yaron da ke haki ko wanda hankalinsa bai dawo sosai ba baya iya hadiya da kyau, kurba daya na iya kware shi ya bi ta huhu, ciwon huhu ya karu kan wanda ake fama da shi. Ba wanda ya hana addu'a, mu ma da ita muke shiga aiki. Ki yi mata tofi, ki karanta mata abin da ya sawwaka a kunne, ki tambayi nas ko zaki iya shafa mata zamzam din a goshi ko ki dan jika mata lebe da auduga, yawancinsu basa hanawa in aka tambaya a fili. Ki adana sauran, ranar da aka ce ta fara sha sai ki fada musu a saka shi cikin lissafi.

Tambaya daga wani kawu a Moshi Zango: Dokta dan kanwata ne, shekararsa biyar, kwana biyu kenan fitsari baya zuwa duk da allurar da ake masa, jiki ya cika tam. Sun ce zasu huda cikinsa su sa tiyo a yi wankin koda. Dangi sun rabu biyu, wasu na cewa in aka fara wankin koda har mutuwa ne, a jira tukuna. Me ka gani?

Amsa: Malam ni shawarata ku sa hannu, kuma kar ku dau kwanaki kuna taron dangi. Abin da mutane suka sani shi ne wankin kodar manya masu ciwon suga ko hawan jini wadanda kodarsu ta mutu a hankali cikin shekaru, su ne ke zuwa sau biyu ko uku a sati har karshen rayuwa ko har a yi dashen koda. Na yaronku daban ne, koda ce lafiyayya da ciwo ya buge ta farat daya, maleriya ko cutar cikin jini ko gudawa mai tsanani ko wani jike-jiken da aka dura masa, kuma irin wannan sau da yawa tana farfadowa cikin kwanaki ko makonni in aka rike yaron da rai zuwa lokacin. Wankin shi ne rikon.

Yadda ake yi, a sa siririn tiyo mai laushi a kasan cibiya, a zuba wani ruwa na musamman mai suga cikin ciki, a barshi ya dan jima, tantanin da ya lullube hanji sai ya tace datti da rarar ruwa daga jini zuwa cikin wannan ruwan, sai a bude a zubar, a sake zuba sabo, haka ake ta yi dare da rana. Zaka ga nas na rubuta abin da ya shiga da abin da ya fito kowane zagaye, ana son wanda ya fito yafi wanda ya shiga. Baya bukatar babban inji, shi yasa ya dace da kananan yara da kuma irin yanayinmu. Hadarinsa mafi girma shi ne cuta ta shiga ta wajen tiyon, don haka banda tabawa, banda shafa mai ko magani a wajen.

Maganar a jira kuma, a 2010 an buga wani bincike daga Amurka kan yara 297 da aka ma wankin jini da inji a ICU. Wadanda aka fara musu ruwan da ya taru bai kai kashi 10 ba, kashi 29.4 ne suka rasu, masu tsakanin 10 da 20 kashi 43.1, wadanda sai da ya kai 20 ko ya wuce kashi 65.6. Gaskiya ne yaron da yafi jin jiki shi yafi tara ruwa tun asali, don haka ba za a dora komai kan ruwan kadai ba, amma ko bayan masu binciken sun yi la'akari da tsananin ciwon bambancin bai bace ba. Kuma ba ruwa kadai ke taruwa ba in fitsari ya tsaya, fotashiyam ma na hawa, shi kuwa yana iya tsayar da zuciya ba sallama. Ku tambayi likitan kai tsaye kudin da abin zai ci da abin da kati zai dauka da wanda ba zai dauka ba, don ku fara hada hannu tun yau, kuma bayan an sallame shi ku rike zuwa kilinik ana duba kodar da BP dinsa ko da ya warke sarai.

Tambaya ta karshe daga wata uwa a Alabar: Yata yar shekara hudu tana tashi da safe ido a kumbure, da yamma kafa, bata asibiti, a gida muke. Makwabciyata ta bani kwayar fitsari da ta saya a shagon magani tace tana sabar da kumburi. In bata?

Amsa: Kar ki bata yar uwa, ki mayar ma makwabciyar da kayanta ki mata godiya. Wannan kumburin ba irin na ICU bane, kuma dalilansa sun bambanta. Yadda kika kwatanta shi, ido da safe kafa da yamma, yafi kama da ciwon kodar da ke zubar da furotin cikin fitsari, ki lura ko fitsarinta na kumfa sosai. Yana iya zama tamowa irin mai kumburi, kwashoko, wadda Dokta Cicely Williams ta fara bayaninta a rubuce a 1933 daga yaran da ta duba a Accra, ita sai kiga gashi ya yi ja ya yi laushi, fata na sabulewa, yarinya ba walwala. Yana kuma iya zama zuciya ko hanta. A biyun farko ruwan yana karkashin fata ne amma cikin jijiya a kafe yake, in kika bata kwayar fitsari kin kara busar da jijiyar, tana iya sumewa ko kodar ta tsaya. Mai tamowa ma ko a asibiti ba a gaggawar rataya mata leda saboda zuciyarta bata da karfin dauka.

Gobe da safe ki tari fitsarinta na farko a kwalba mai tsabta ki tafi da ita asibiti, gwajin furotin din da dan tsinken takarda ake yi, minti kadan ne. Kafin nan ki rage mata gishiri da magi a abinci, kar ki hana ta shan ruwa, kar kuma a bata wani jiko. In numfashinta ya canza, ko cikinta ya kama ciwo da zazzabi, ko fitsarin ya dauke ko ya koma kalar shayi, kar ki jira goben, ku tafi a daren nan.